Daura ko Argungu: Wanne Za a Kai Iyali Hutu?

Idan mutum ya samu hutun kwana uku ko huɗu, ya kuma ƙudura cewa ba a kan tabarmar ƙofar gida zai ƙarar da shi ba, sai dai ya kai iyalinsa wani tsohon gari na karkara mai fada da kasuwa, sunaye biyu ne suka fi saurin fitowa daga bakin masu ba shi shawara, wato Daura a jihar Katsina da Argungu a jihar Kebbi. Kowannensu mazaunin tsohuwar sarauta ne, kowannensu kuma har yau noma da kiwo da cinikin abin da ƙasa ta bayar ne ke riƙe da shi, ga shi babu cunkoso da hayaniya irin ta Kano ko Kaduna. Na kwana a garuruwan biyu, na kuma sha jin waɗanda suka je suka dawo suna cewa ba su ga abin da ake ta zuzutawa ba. Da na bi diddigi sai na tarar yawancinsu lokacin zuwa suka kuskure. Daura da ranakun mako ake auna ta, Argungu kuwa da watannin shekara, saboda haka wanda zai zaɓa ya fara duba kalandarsa kafin ya duba sunan gari.

Hanya ce abu na farko da ke raba gardama, musamman ga mai tafiya da mata da yara. Wanda ya tashi daga Kano ya nufi Daura zai bi ta Dambatta da Kazaure, ya wuce duwatsun Kazaure ya shiga ƙasa mai rairayi, kuma idan bai tsaya ba, awa biyu zuwa biyu da rabi sun ishe shi. Daga birnin Katsina kuwa nisan bai wuce kilomita 80 ba. Ma'anar wannan ita ce Bakano zai iya yin sallar asuba a gidansa, ya sha ruwan rijiyar Kusugu ta Daura kafin azahar, ya kuma dawo kafin magariba idan ya so. Argungu ba ta ba da wannan sauƙin sai ga mutumin Sakkwato, wanda ke da tafiyar kusan kilomita 100, ko mutumin Birnin Kebbi da ke da kusan rabin haka. Mai tasowa daga Kano ko Zariya yakan ratsa Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara kafin ya kai Sakkwato, mai tasowa daga Abuja kuma ya bi ta Kwantagora da Yawuri da Jega, kuma kowace daga cikin hanyoyin biyu takan cinye wuni guda. Wanda yake da hali yakan shiga jirgi ya sauka a filin jirgin Birnin Kebbi da ke Ambursa, wanda yake kan hanyar Argungu, sai ya ƙarasa da mota.

Ba a maganar waɗannan hanyoyi yau ba tare da an ambaci tsaro ba. Hanyar da ta ratsa Zamfara ta daɗe tana fama da 'yan bindiga, kuma ba hanyar da ake bi da dare ko da sassafe ba ce. A ƙasar Argungun kanta, an kai hari garin Mera da ke ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, abin da ya sa fita ƙauyukan arewacin masarautar ya zama abin da sai an yi shawara da 'yan gari. Jihar Katsina ma tana da nata tabon, amma matsalar ta fi tsanani a yammaci da kudancinta, wajen Jibiya da Batsari da Faskari, shiyyar Daura kuwa ta fi samun sauƙi. Ko wanne aka zaɓa, a tambayi direbobin tasha a ranar tafiya, domin su ne suka kwana da labarin hanya.

Abin da ke kai yawancin mutane Daura shi ne rijiyar Kusugu, kuma yana da kyau baƙo ya san girman abin da zai gani tun kafin ya je. Rijiya ce kamar kowace tsohuwar rijiya, an kewaye ta da gini, akwai masu kula da ita waɗanda za su zura guga su ba ka ruwa ka sha, su kuma maimaita maka labarin da kowane ɗan firamare ya sani: baƙon da ya taso daga Bagadaza ya biyo ta Barno da Gaya, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki, ya je da dare ya sare kansa, sarauniya Daurama ta aure shi. Mutanen garin suna cewa rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma za ka ga baƙi suna cika gora da ruwan don su kai gida. Masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan ko Bayajidda mutum ne da ya rayu ko kuwa labarin hanya ce ta bayyana yadda mulki ya tashi daga hannun sarauniyoyi ya koma na sarakuna maza. Wannan jayayya ba ta rage wa yaro komai a lokacin da ya leƙa cikin rijiyar, kuma a ganina rabin awar da za a yi a wurin ta fi darasin aji goma zama a kansa. Sai dai rabin awar ce, ba ta wuce haka, kuma wanda ya yi doguwar tafiya don ita kaɗai zai iya dawowa yana ƙorafi.

Sauran tarihin Daura a fada yake. Gidan sarki yana da zauruka na ginin gargajiya masu bakan gizo da azara, kuma a nan ne ake ajiye da takobin da ake dangantawa da Bayajidda, wanda ganinsa sai da izinin fada. Akwai wani abu game da wannan gidan sarauta da ba kowa ya lura da shi ba. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci garin, sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, zuriyarsa suka kafa mulki a Zango da Baure, har sai a 1906 da Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango suka ɗora shi a kan gadon kakanninsa. Saboda haka Daura tana cikin 'yan masarautun da Haɓe ke mulki har yau. Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sannan Umar Faruk Umar, wato sarakuna uku ke nan cikin sama da shekara ɗari. Tun watan Yulin 2025 kuma, da aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa da ke garin, an samu masu zuwa don yi masa addu'a, amma a tuna cewa gidan iyali ne, ba wurin yawon buɗe ido ba.

A wajen kayan tarihi da ido zai gani, Argungu ta fi Daura, kuma ba na shakkar faɗin haka. Gidan tarihi na Kanta tsohon gidan sarki ne da aka daina zama a cikinsa a 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958, kuma a cikin harabarsa ake binne sarakunan Kabi, wato sarakunan Argungu. Akwai masu da takubba da kwari da baka, da sulke da layun yaƙi, da tambura, da kayan su iri-iri, kuma mai son ya duba da kyau zai yi awa biyu bai gama ba. Waɗannan makamai ba na ado ba ne, domin tarihin Kabawa tarihin turjiya ne tun daga tushe. A farkon ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga daular Songhai bayan saɓani da Askiya Muhammadu a kan ganimar yaƙin Agadas, ya gina birnin Surame, wanda kufansa mai ganuwar dutse yana nan har yau a cikin jihar Sakkwato. A 1805, shekarar da Daura ta faɗi, ita ma Birnin Kabi, wato Birnin Kebbi ta yau, ta faɗi a hannun Abdullahi ɗan Fodiyo, sai dai Kabawa ba su ajiye makami ba. Sama'ila Karari ya tsaya a Argungu har aka kashe shi a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya sake tayar da yaƙin a 1849, kuma in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, haka aka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa. A labarin Bayajidda an saka Kabi cikin Banza Bakwai, amma shawarata ga baƙo ita ce kada ya ɗauko wannan zance a gaban mai yi masa jagora a gidan tarihin Kanta, sai dai idan yana da lokacin sauraron amsa.

Kasuwa ce ta sa aka kira waɗannan wurare garuruwan kasuwa, kuma a nan ne bambancinsu ya fi fitowa fili. Cikin garin Daura akwai kasuwa da ake samun abin bukata kullum, amma kasuwar da ta cancanci a yi tattaki dominta tana Mai'aduwa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba arewa da Daura, dab da kan iyakar Nijar ta Kwangwalam, kuma ranar Lahadi take ci. Zuwana na farko ranar Litinin na isa, don ban tambayi kowa ba. Na tarar da fili fetal, turaku a kafe babu abin ɗaurewa, rumfuna wayam, sai kashin shanu da 'yan awaki suna kalar abin da ya zube. Wani dattijo da ke kwance a inuwar bedi ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, "Malam, ai kasuwa ta ci jiya, sai ka dawo wani makon." Da na dawo ranar Lahadi sai na kasa gane wurin. Tun da hantsi kara ta cika da raƙuma da shanu masu dogon ƙaho da jajayen awaki da raguna uda da balami da jakuna, yawancinsu an koro su ne daga ƙasar Damagaram da abin da ke bayanta, ga Buzaye da rawunansu sun rufe fuska sai ido, ga Fulani rataye da sanduna, ga manyan motoci a jere ana loda dabbobin da za a kai Legas da Fatakwal.

Ko mutum ba zai sayi ko kaza ba, ya samu gefe ya tsaya ya kalli yadda ake cinikin sa guda. Mai dabba ba ya yawan magana, dillali ne ke kai da kawowa. Mai saye zai zagaya san, ya dafa tozo, ya buɗe baki ya duba haƙora, sannan ya taya. Dillali ya juya wajen mai shi, shi kuwa ko kallonsu bai yi ba zai ce, "Albarka." A ƙara, ya sake cewa albarka, mai saye ya yi kamar zai tafi, dillali ya riƙo hannun rigarsa yana cewa, "Haba Alhaji, dawo mana, ai ba a yi nisa ba." Haka za a yi ta ja har a ji kalmar "na sallama", a tafa, a ƙirga kuɗi, dillali ya karɓi la'adarsa. Wani abin da ke rikita baƙo shi ne kuɗi iri biyu ne ke yawo a kasuwar, naira da sefa, kuma mutanen Nijar da dala suke lissafi, wadda take tamma biyar ta sefa. Idan mai cuku ya ce maka ɗari, sefa 500 yake nufi, idan ya ce jika, sefa 1,000 ke nan, saboda haka a tabbatar da wane kuɗi ake magana kafin a ce an saya. A ɓangaren kayan abinci za a samu gero da wake da riɗi da gyaɗa a buhu da tiya, da dabino da cuku da kanwa da gishirin dabbobi da ake kawowa daga arewa, da tabarmi da faifai da igiyoyin kaba. Yara sukan manta da rijiyar Kusugu kafin su manta da raƙumin da ya durƙusa a gabansu yana kuka. Sai dai wurin akwai ƙura da turereniya, kuma sa ba ya sanin baƙo, don haka a riƙe hannun ƙanana, a kuma bar karar kafin rana ta take.

Kasuwancin Argungu na ruwa ne da fadama, kuma ba ya jiran rana guda a mako kamar na Mai'aduwa. Garin yana bakin Gulbin Kabi, kuma wanda ya fita da sassafe zuwa bakin ruwa zai tarar da masunta suna dawowa da kwale-kwale, ana juye tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa a kwanduna, masu sari suna tayawa tun kifin yana motsi, can gefe kuma hayaƙin banda yana tashi. Wanda ya saba sayen kifin da ya kwana a ƙanƙara zai gane bambanci a loma ta farko. Abu na biyu shi ne shinkafa. Fadamar da ta kewaye garin ana noma ta damina da rani, tun 2017 kuma akwai babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a garin, ban da ƙananan injina da matan da ke turara shanshera a gida, saboda haka lokacin girbi hanyoyin garin cike suke da motoci da amalanke ɗauke da buhuna. Kunnen baƙo ma zai sha kallo, domin Hausar wurin ta yamma ce, inda za a gaishe ka da "kwana lahiya", a ce maka "taho", a tambaye ka "mi kaka so", kuma ba wuya ka ji Zabarmanci a rumfar da ke kusa. Mai sha'awar tarihin kasuwanci zai iya ƙarawa da Jega, kudu da Birnin Kebbi, wadda a ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato, da Aliero da ta yi suna wajen albasa. Duk da haka, gaskiya ita ce Argungu ba ta da wani taron mako-mako da zai cika ido kamar karar Mai'aduwa. Abin da take da shi ya fi natsuwa, kuma sai mai haƙurin tashi da wuri yake ganinsa.

Babban abin da Argungu ke taƙama da shi, wanda Daura ba ta da irinsa, shi ne bikin kamun kifi. Asalinsa a yadda aka san shi yau yana komawa ga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, aka shirya masa su na musamman don nuna cewa tsohuwar gaba ta ƙare, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya da ake kiyayewa. Ana yin sa ne wajen Fabrairu ko Maris, kwana huɗu, da baje kolin amfanin gona da kokawa da dambe da wasannin ruwa da ake kira kabanci, irin su tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da lalube da hannu. A rana ta ƙarshe dubban masunta ke jeruwa da homa, wato ragar kamun kifi ta hannu, da gora, a ba da alama su ruga su faɗa Matan Fada, wani yanki na gulbin da ake hana su a cikinsa duk shekara ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, kuma cikin kamar awa guda a fito da giwan ruwan da sai mutum biyu ko uku sun ɗauka. Wanda ya ci gasar 2020 nauyin kifinsa kilo 78 ne. Amma akwai abubuwa biyu da mai shirin zuwa ya kamata ya sani. Na farko, bikin ba ya da tabbas kowace shekara, domin bayan na 2009 sai da aka yi shekara goma ana jira kafin a sake yi a 2020, saboda haka kada a biya kuɗin komai sai gwamnatin jiha ta sanar da rana. Na biyu, a waɗannan kwanaki garin ba ya ɗaukar mutanen da ke shigarsa. Masauki yakan ƙare tun da wuri, farashinsa ya ninka, da yawa sai a Birnin Kebbi ko Sakkwato suke kwana, kuma wanda ba shi da wurin zama a rumfar baƙi zai wuni a tsaye cikin rana yana hangen ƙeyar mutane. Ga saurayi mai ƙarfi wannan ba komai ba ne, amma ga mai ɗauke da goyo da tsohuwa wahala ce.

Bukukuwan Daura sun fi tabbas, domin da kalandar Musulunci suke tafiya. Akwai hawan sallah ƙarama da babba, da Hawan Magajiya da ke biyo baya, wanda sunansa kansa ke tuna zamanin sarauniyoyi, sannan akwai Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, wadda ba ko'ina ake yin ta ba a ƙasar Hausa. Hawan Daura bai kai na Kano ko Katsina yawan dawaki ba, amma wannan ne ma amfaninsa, domin mutum zai iya tsayawa kusa ya ga lifidi da kayan doki da 'yan bindiga da idonsa ba tare da an tattake shi ba. Idan aka yi sa'a sallah ta faɗo kusa da ƙarshen mako, sai a haɗa hawa da kasuwar Lahadi a tafiya guda. Makon da ya gabaci babbar sallah kuwa shi ne lokacin da karar Mai'aduwa ke cika maƙil da raguna, kuma mai niyyar layya zai iya dawowa da ragonsa a bayan mota.

Yanayi ba ya yi wa garuruwan biyu adalci iri ɗaya. Daura ta fi daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an gama girbi, hatsi ya cika kasuwa, dabbobi suna da ƙiba, sai dai a tafi da rigar sanyi da man shafawa saboda hunturu da hazo. Ko da damina ma ana iya zuwa, tunda ƙasar rairayi ce da ba ta riƙe ruwa. Argungu kuwa tana da watannin da ya fi kyau a ƙaurace mata. Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, a Agusta da Satumba kuma gulbi yakan cika ya malala cikin fadama, kamar yadda ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, ga sauro da ba ya ɗaga ƙafa a kowane lokaci, don haka gidan sauro da maganin zazzaɓi suna cikin kayan tafiya. Lokacinta mai kyau shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ja baya, shinkafar rani ta yi kore shar har iyakar gani, tsuntsaye suka cika fadama. A wannan lokaci babu abin da Daura za ta nuna da zai kai kyan faɗuwar rana a bakin gulbin.

Masauki a garuruwan biyu matsakaici ne, kuma wanda ba ya iya barci sai da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa gara ya kwana a Katsina ko Kano idan Daura ya nufa, ko a Birnin Kebbi idan Argungu ce. A riƙe tsabar kuɗi, domin ba kowane mai rumfa ne ke karɓar tiransifa ba, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, musamman mata da makiyaya, a kuma cire takalmi a inda aka ga 'yan gari sun cire. Kuɗin shiga wuraren tarihi ba shi da yawa a ko'ina, abin da ke cin aljihu shi ne mota, kuma a nan tafiyar Argungu daga Kano ko Abuja takan ninka ta Daura.

Idan mutum yana Kano ko Katsina ko Jigawa ko Kaduna, hutunsa kuma bai wuce kwana uku ba, ga yara a tare da shi, Daura zan ce ya tafi, da sharaɗin Lahadi ta faɗo cikin kwanakin. Ya isa ranar Asabar da hantsi ya ga Kusugu da fada, ya sha fura da nono da la'asar, ya kwana, ya yi sammakon Mai'aduwa, ya juyo bayan azahar, kuma idan da sauran ƙarfi ya tsaya a Dambatta, wadda ita ma ranar Lahadi kasuwarta ke ci. Wanda Lahadi ba za ta samu gare shi ba, amma yana da Alhamis, ya san cewa kasuwar dabbobi ta Maigatari a jihar Jigawa a ranar take ci, kuma irin kallon da zai yi ke nan. Mutumin Sakkwato ko Kebbi ko Dosso kuwa Argungu ce a ƙofarsa, haka ma wanda ke da mako guda da kuɗin jirgi, ko wanda tarihin yaƙi da rayuwar masunta suka fi ba shi sha'awa a kan raƙuma. Shi wannan zan ba shi shawara ya fara zuwa a watan Janairu lokacin da babu biki, ya ga gidan tarihin Kanta a natse, ya yi safiya biyu a bakin ruwa, ya san mutum ɗaya ko biyu a gari waɗanda za su tanadar masa ɗaki da wurin tsayawa idan shekarar biki ta zo. Idan zai sayi bandar kifi ta tsaraba, ya bari sai ranar tafiya, ya karya ɗaya ya duba cikinta ko ta bushe sosai babu tsutsa, sannan a naɗe masa a takarda a saka a kwali, kada a ƙulle ta a leda, domin kafin ya kai Kwantagora zafi zai sa ta yi gumi ta lalace.